Yaya Baka Ta Kwance Mai Shara

Idan rana ta take, injin shagon yakan suma. Alluran da suka yini suna ta-ta-ta a kan riguna sai su tsaya cak, fitilar goshinsa ta koma ja, kwamfutar da ke ba shi umarni ta daskare kamar wadda aka faɗa wa mugun labari. Ba wanda ke razana. Tela yakan zare abin awo daga wuyansa, Mai Guga ta jingine dutsen gugarta, a jawo kulolin abinci daga ƙarƙashin tebur. Kafin a kashe kwamfuta a kunna, inji ya lalubo hankalinsa ya gwada alluransa ɗaya bayan ɗaya, an ci an sha, har wani ya ɗan runtsa a kan buhun ƙyallaye. Shekara da shekaru haka ake yi.

Shagon na ɗinkin tambari ne, a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran fanka da kantin magani. Zakin da ke aljihun rigar 'yan makaranta, sunan kamfani a goshin hula, tauraron kafaɗar masu gadi, duk daga nan suke fita. Mai shagon kowa Manaja yake ce masa, ban da mutum ɗaya. Wannan mutum ɗayan yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ko a gaban baƙi Auta take kiransa. Ya roƙe ta, ya yi fushi, har ya sa aka yi masa ɗan allo mai ɗauke da muƙaminsa ya kafa a kan tebur. Ta karanta ta ce, "Rubutun ya yi kyau, Auta."

Ita kuwa Yaya Baka ake ce mata, tun daga Tela da ya girme ta har mai kawo zare. Yayan daga bakin ƙaninta aka ɗauka. Bakan kuma daga kwamfutarta: duk wanda ya leƙa ta kafaɗarta ba ya ganin komai sai baka-baka, wannan ta buɗe, waccan ta rufe, wasu sun taru a ƙarshen layi sun jingina da juna. Mai Guga ta ce kamar an yanke farce an watsa a kan gilashi. Yaya ta ce sunansa Lisp, yare ne na yi wa kwamfuta magana, ya girmi yawancin mutanen shagon, kuma ya fi su ladabi.

Tun tana budurwa ta koye shi, a wani ofishin zanen taswira, wurin wani tsohon shugaba da ba ya amsa maka sallamar tashi sai ka rufe duk bakan da ka buɗe. Da ofishin ya mutu, abokan aikinta kowa ya koyi sabon yare ya bi kasuwa. Ita ta ƙi. Ta ce ba ta ga laifin da nata ya yi mata ba. Tana gida tana renon ɗanta na ƙarshe lokacin da ƙaninta Auta ya sayo injin nan na hannu. Sai da aka sauke shi da ƙyar sannan aka gano ba shi da manhajar da za ta tuƙa shi. Abin da ya zo da shi kawai wani guntun aiki ne daga maƙeransa, a rubuce da yaren C, wanda bai iya komai ba sai karɓar jerin ɗinki ya miƙa wa allurai. Auta ya zauna a kan kwalin injin ya yi tagumi. Yaya ta ce ya tashi ya samo mata tebur.

Manhajar da ta rubuta a kan teburin nan ita ce ta riƙe shagon. Ka ba ta hoton tambari, ta lissafa inda kowace allura za ta sauka, ta bi saƙar yadin ba tare da ta yi faɗa da ita ba. Shi ya sa tambarin shagon ko an wanke shi har riga ta koɗe ba ya tattarewa. Zanen kowane abokin ciniki yana cikinta, a ajiye da tsarin da ita kaɗai ke karantawa. Yaya ba ta cewa "manhajata". Cewa take yi "yarinyar nan", ko da yake yarinyar ta isa aure tuntuni.

Sumar kuma tana da asali.

A cikin Lisp akwai wani ma'aikaci da masu sana'ar ke kira mai shara. Manhaja idan tana aiki takan bar tarkace a ƙwaƙwalwar kwamfuta, lissafin da aka gama da shi, jerin da ba a buƙata. In wuri ya fara cika sai mai shara ya farka da kansa, ya zubar da abin da ba wanda ke riƙe da shi, ya tattara sauran ya jera su gefe guda, sannan ya bi 'yan gida ya faɗa wa kowa inda kayansa suka koma. Ma'aikaci ne na kirki. Matsalar ita ce guntun nan na C ba ɗan gida ba ne, baƙo ne, ba ya jin yaren gidan. Sau ɗaya ake nuna masa wuri a ce ga jerin ɗinki nan, shi ke nan ya kafa ido. In mai shara ya matsar da jerin yana tsakiyar karatu, baƙo ba ya sani. Ci gaba yake da karanta duk abin da ya tarar a tsohon wurin, ya miƙa wa allurai, su kuma ba sa musu.

Haka aka yi a farkon shekarun shagon, wani zakin makaranta ya fito da wutsiya a hanci. Yaya ta gano dalilin, ga aiki ya taru, ga yaro a baya yana kuka. Sai ta rubuta layi ɗaya ta ɗaure mai shara gaba ɗaya. Tun daga ranar bai ƙara motsi ba. Tarkace ya riƙa taruwa tun safe, rana na takewa ƙwaƙwalwa ta cika maƙil, kwamfuta ta daskare. Yaya ta ce na wucin gadi ne, in ta samu sarari za ta gyara. Yaron da ke bayanta a lokacin yanzu gemu gare shi.

Abin da ya tayar da maganar zakara ne. Wani babban kamfanin kaji ya ba shagon aikin rigunan ma'aikatansa kaf, kowace da jan zakara a ƙirji, kuma suna so cikin gaggawa. Manaja ya duba yawan rigunan, ya duba injin da ke barci kullum da rana, ya daina cin abinci da daɗi. Ana haka sai ga wani mai sayar da sabuwar manhaja, mutum mai tsafta da fara'a, da jaka a rataye. Kafin ya zauna Mai Guga ta raɗa masa suna Mai Jaka.

"Tamu ba ta tsayawa, yallaɓai," in ji Mai Jaka. "Daga safe har a tashi. Sai dai a cire tsohuwar gaba ɗaya, ba sa zama wuri ɗaya."

"Zanen mutane da ke cikin tsohuwar fa?" Yaya ta tambaya daga kusurwarta, ba ta ko juyo ba.

"Sai a sake zana su, Mama. Ba wuya."

"Ban haife ka ba. Kuma da wuya."

Mai Jaka ya matso ya leƙa fuskar kwamfutarta, ya yi murmushin da ake yi wa tsohon hoto. "Kai! Lisp! A makaranta aka taɓa ba mu labarinsa. Ai yanzu ba kowa ke aiki da shi ba, kusan ma ba kowa."

Yaya ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta dube shi ta samansu. "To ga ba-kowa nan a gabanka tana aiki. Matsa, kana tare mini haske."

Da ya tafi, Manaja ya jawo kujera kusa da ita, ya sassauta murya yadda yake yi tun yana yaro in zai roƙi abin da ya san ba za a ba shi ba.

"Yaya, ba raini ba ne. Aikin nan in ya kuɓuce mana, ba za mu ƙara ganin irinsa ba. Ba zan iya da sumar nan ba."

"Ka taɓa ce mini ta dame ka?"

"Wa ya isa ya ce miki?"

"To yanzu ka ce. Zan warkar da ita."

"Shekara nawa kina faɗin haka?"

"Da can ba wanda ya zo da jaka."

Suka tsaya a kan magana: in har ba ta warkar da sumar ba kafin a sauke rigunan kamfanin kaji, za a goge yarinyar, a sa ta Mai Jaka. Manaja ya miƙo hannu su ƙulla. Ta ce ya je ya wanke tukuna, akwai man inji a jiki.

A sumar ranar ba wanda ya runtsa. Tela da Mai Guga suka ɗauko kulolinsu suka zo suka zauna kusa da teburinta, abin da ba su saba ba. Tela ya tura mata tsokar nama mafi girma. Nan ta san da magana.

"Yaya," in ji Tela, "mu fa tsofaffi ne. Ɗan hutun nan shi ke riƙe da bayana. In kin warkar da injin nan, kin san ƙaninki, sai mun ci abinci a tsaye."

"In ban warkar ba, na Mai Jaka ma ba ya tsayawa. Duk ɗaya ne a wurinku."

"Shi ya sa muka zo da dabara," Mai Guga ta ce, ta waiga ta rage murya. "Ki ce masa ciwon na injin ne, ba na kwamfuta ba. Ki ce ko wace manhaja aka sa sai ya suma, ƙarfensa ne ke zafi. Wa zai ƙaryata ki? Shi Manaja ko fitilar wayarsa sai 'yarsa ta kunna masa. Kin ga ke kin tsira da yarinyarki, mu mun tsira da hutunmu."

Yaya ta tauna naman sosai kafin ta amsa, don ba ta ga dalilin mayar da shi ba.

"Injin nan lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa yi mini ƙarya ba, ba zan yi masa sharri ba. Ni na ɗaure mai shara, ni zan kwance shi. Kuma yarinyar nan ba da ƙarya za ta zauna a shagon nan ba. In za ta zauna, ta zauna don ta fi ta Mai Jaka."

"Ashe haka kike," in ji Mai Guga.

"Yau kika sani?"

Tela ya rufe kularsa a hankali. Daga ranar gaisuwa ta koma ta baki kawai, shayin safe kuma da ake zuba mata ya daina isowa kusurwarta.

A gida ma ba ta samu mai goyon baya ba. Maigidanta tsohon ma'aikacin asibiti ne da ya yi ritaya ya rungumi shukar tumatir a tukwane. Ta same shi da yamma yana ba su ruwa, ta zayyana masa komai, har da baƙo da mai shara. Ya saurara kamar yadda ya saba sauraron marasa lafiya, yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba.

"Ni dai a ganina," ya ce, "ki bar musu. Kin yi iya yinki. Idanunki sun gaji, wuyanki kullum sai an shafa magani. Ki zo mu zauna, ga kujera na saya miki tun bara, kyanwa ce ke kwana a kai."

"In zauna in yi me?"

"Ki huta. Ki kalli tumatir."

"Kai ma da kake kallonsu ba su ƙara sauri ba. Ba zan zauna ina gani a goge aikin hannuna don wani ya iya murmushi ba. In na gaji ni zan faɗa, ba jaka za ta faɗa mini ba."

Ya ce to Allah ya ba da sa'a, ya koma wa tukwanensa. Ya san ta. Ko ranar da ya fara neman aurenta sai da ta gyara masa maganar da ya shirya.

Gyaran da ta yi mai sauƙi ne, har ta ji haushin kanta da ta bar shi ya kwana shekaru. Maimakon ɗaure mai shara yini guda, sai ta riƙa ɗaure shi daidai lokacin da za ta miƙa wa baƙo jerin ɗinki, da zarar baƙo ya amsa ya ce ya karɓa, ta sake shi ya yi aikinsa. Ta gwada a kan ƙananan tambura, tauraro da haruffa, duk suka fito tsaf. Ta aika wa Auta cewa ya kira mutuminsa ya zo ya gani da idonsa.

Mai Jaka ya zo. Aka ɗaura sabuwar farar riga a zoben da ke miƙar da yadi, aka sa jan zare. Allurai suka fara. Tsoron da ke kan zakara ya fito, baki ya fito, wuya ya sauko da kyau har Manaja ya fara shafa ciki. Suna isa ƙirji sai allurai suka yi wata irin zabura, suka tsallaka gefe, suka dawo, suka yi ta kai da komo kamar sun ga maciji. Kafin Tela ya kai hannu ya kashe, zakaran ya samu ƙafa uku, ɗaya a bayansa take, ga wani dunƙulen zare a inda ya kamata wutsiya ta kasance.

Mai Guga ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta na rawa.

Da Mai Jaka ya yi dariya da abin ya zo wa Yaya da sauƙi. Bai yi ba. Cewa ya yi cikin tausayi, "Kin yi ƙoƙari fa, Hajiya. Wallahi a zamaninsa wannan babban aiki ne."

"Yaya, ya isa," in ji Manaja. "Gobe rigunan za su iso. Tashi ya zauna ya fara."

"Ba zan tashi ba."

"Yaya."

"Ka ce kafin a sauke riguna. An sauke? Nuna mini su." Ta kama hannuwan kujerar ta riƙe gam. "In kana so ya zauna a nan, sai dai ku ɗauke ni da kujerar. Kuma ka tuna ni na goya ka, na san nauyinka, kai ba ka san nawa ba."

Manaja ya dubi Mai Jaka, ya dubi Tela, ba wanda ya nuna alamar zai taya shi ɗaukar kujera. Ya ce wa baƙon ya yi haƙuri ya dawo gobe da hantsi, ya shige ofis ya rufe ƙofa da ƙarfin da bai kai na fushi ba.

Yaya ta kwance rigar ta shimfiɗa a cinya ta daɗe tana kallon zakaran. Kai da wuya daidai. Ɓarnar daga ƙirji ta fara. Ƙananan tambura ba su lalace ba, babba ya lalace. Ta ɗaure mai shara lokacin miƙawa, wannan ba ta da shakka a kai. To yaushe ya samu hannu ya taɓa jerin?

Ta ɗebo ƙyallaye daga buhu ta nufi inji. Ɗaura yadi a zobe ba aikinta ba ne, ta yi ta fama yana zamewa. Tela yana gefe yana yi kamar yana neman almakashi, alhali yana hannunsa. Can ya kasa daurewa.

"Kawo nan. Ba don ke ba. Shekara da shekaru ina kan injin nan ban taɓa fitar da dabba mai ƙafa uku ba, ba zan kwana da wannan a raina ba."

Ta miƙa masa. Ta koma ta shirya tarko. Ta umarci manhaja cewa da zarar baƙo ya ce ya karɓa, ta goge jerin da gangan, ta cika wurin da umarni guda: allura ta tafi dama, ta tafi dama, ta tafi dama. In da gaske baƙo ya gama da wurin, zakara zai fito lafiya. In kuwa bai gama ba, za a gani.

Allurai suka ɗinka tsoron kan zakara, suka yi baki, suka yi wuya, sannan suka miƙe sak zuwa dama, jan layi ɗaya har bakin zobe.

Yaya ta buga cinya. "Munafuki!"

"Wa?" Tela ya ja da baya.

"Baƙon nan! Ya ce mini ya karɓa, ashe loma ɗaya ya ɗauka, iya abin da cikin inji zai riƙe. Sauran yana dawowa ta bayan gida yana ɗiba kaɗan-kaɗan, ni kuwa na riga na saki mai shara a kansa. Ƙananan tambura loma ɗaya ce, shi ya sa suka tsira."

"To ki sake ɗaure mai sharar mana, kowa ya huta," in ji Tela, da ɗan fata a muryarsa.

"Ya ɗauru ya isa. Ba shi da laifi, aikinsa yake yi. Baƙon ne ba zai ƙara cin abinci a cikin gidana ba."

Abin da ta yi shi ne ta yanka wa baƙo fili a wajen gida, wani yanki na ƙwaƙwalwa da hannun mai shara ba ya kaiwa. Kowane zane sai ta kwafe jerinsa ta ajiye a can, ta nuna wa baƙo, ya yi ta ɗiba yadda ya ga dama. Ba ta ƙara yarda da "na karɓa" ɗinsa ba. Sai inji da kansa ya ba da alamar allura ta ƙarshe ta ɗaga, sannan ta share filin da hannunta ta zuba na gaba. A cikin gida kuma ta kwance mai shara, ta goge tsohon layin nan na wucin gadi. Sai da yatsanta ya ɗan tsaya a kan madannin kafin ta danna, don sun daɗe tare.

Kafin a tashi aiki Tela ya ɗaura ƙyalle bayan ƙyalle. Yaya ta riƙa tsokanar mai shara da gangan, tana tashinsa a tsakiyar ɗinki, a wuya, a ƙirji, a wutsiya. Zakaru suka yi ta fitowa da ƙafa bibbiyu. Tela ya jera su a kan tebur ya duba da kyau, ya ce idon na ukun ya ɗan yi ƙanƙanta. Ta ce nasa idon ne.

Washegari aka sauke rigunan, kwali a kan kwali har suka tare taga. Mai Jaka ya iso da hantsi kamar yadda aka ce masa. Yaya ta sa aka ba shi kujera a inda zai ga fitilar inji sosai. Aka fara. Riga ta shiga, zakara ya fito, Tela ya sauya zobe, Mai Guga ta goge ta ninke. Manaja ya kasa zama, sai zagaye yake yana duba wayarsa.

Inuwar benen ta janye daga bakin ƙofa. Rana ta take. Kowa ya saci kallon fitilar. Koriya ce. Aka ƙara riga, aka ƙara wata. Koriya ce dai, allurai na ta-ta-ta kamar yanzu gari ya waye.

"Ya wuce!" Manaja ya daka tsalle, ya manta da muƙaminsa. "Yaya, ya wuce! Bai suma ba!"

"Na gani, Auta. Ina nan."

Tela ya ƙarasa rigar da ke hannunsa. Ya zare abin awo daga wuya ya ajiye, ya sunkuya ya jawo kularsa. Mai Guga ta jingine dutsen guga ta bi bayansa.

"Ina kuma za ku?" in ji Manaja. "Ba ku ga inji bai tsaya ba?"

"Shi ya warke, yallaɓai," in ji Tela. "Mu ba mu warke ba."

Suka fita suka zauna a kan bencin mai gyaran fanka, a inda za a gan su sosai, suka buɗe abinci. Manaja ya juyo wurin yayarsa.

"Yaya, ki yi musu magana. Ke suke ji."

"Ni kwamfuta nake yi wa magana, ita ma sai da lallashi. Duk shekarun nan inji ne ke ba su hutu, kai ba ka taɓa cewa e ko a'a ba. Yanzu ya koma bakinka. In za ka hana tsoho cin abinci a zaune, fita ka faɗa masa da kanka, ga shi can."

Manaja ya leƙa waje. Tela ya ɗaga masa cokali. Daidai nan inji ya gama rigar da ke ciki ya fara ƙara yana neman wata. Manaja ya yi tsaki, ya naɗe hannun rigarsa, ya ɗauki zobe.

Mai Jaka ya miƙe ya gyara jakarsa. "To yallaɓai, maganarmu fa?"

"Za mu neme ka," in ji Manaja, yana kokawa da wuyan riga.

"Kada ka sa bawan Allah zaman jiran waya," in ji Yaya. "Faɗa masa gaskiya ya kama gabansa."

Manaja ya ja numfashi. "Ba ma saye. Ka yi haƙuri. Wannan ɗin za mu ci gaba da ita."

Mai Jaka ya karɓi maganar da mutunci. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya ce don Allah ta nuna masa yadda ta yi da jerin, don su ma akwai wani inji da ke ba su irin wannan ciwon kai. Yaya ta dube shi sama da ƙasa, ta ga da gaske yake.

"Ajiye jakar. Ka fara riƙe masa gefen rigar can tukuna, ka ga ya karkatar da ita. Auta, in ka ɗaura ta haka a hammata zakaran zai fito. Kwance ka sake."